Sabarar Inna

Hillar Salihu, kusa da Makwar
Watan Rajab, 1964

Zuwa ga ƙanena Garba, mai aikin gini a madatsar ruwa ta Rusairis.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Inna tana gaishe ka, ta ce a tambayi autanta ko can ba a sayar da takarda ne, tunda rabonmu da jin ɗuriyarka tun damina. Na ce mata takarda akwai, hannun rubutun ne ya yi nauyi.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne 'yata Kulu ta dawo gida goyon ciki, muna sa ran haihuwa cikin azumi in Allah ya yarda. Ka san wannan shi ne tattaɓa-kunnen Inna na farko, don haka ta tayar mana da hankali. Kusan duk matan hillar nan ita ta yi musu wankan jego, da ganyen darbejiya take yi, kuma ba ta taɓa ɗora tukunya ba tare da ta ce da a gida ne da sabara za a yi ba. Kai ma ka sha ji. To, yanzu ta rantse Kulu ba za ta yi wanka da darbejiya ba. Sabara za a dafa mata ta yi wanka, a kuma sa mata a kunun kanwa don ruwan nono, yadda aka yi wa Inna da uwarta da kakarta a ƙasar Sakkwato.

Na ce mata wa ya taɓa ganin sabara a wannan baƙar laka tamu ta Jazira, nan bakin Nilu, inda ba ka ganin komai sai auduga da dawa? Ta ce ai wani matafiyi ya gaya mata bayan Rusairis akwai jar ƙasa mai rairayi da daji sarari-sarari, kuma inda duk aka ga irin wannan ƙasa, sabara tana nan. Ga yadda ta ce in rubuta maka, da bakinta:

"Ki ce mishi ba ta da tsawo, iyakarta kan mutum. Rassa da yawa ka hitowa daga tushe guda. Ganyenta ƙanana na, hurenta ɗorawa-ɗorawa. In ya gan ta, jininshi zai gaya mishi."

Na ce Inna, wane jini, yaron da aka haifa a gefen tura'ar ban ruwa, wanda bai san komai ba sai kisra da mulah, abincin mutanen nan? Ta jefe ni da mafici. Kai dai ka taimaka ka nemo, ka ba Mahmud mai lori ya kawo. Ta riga ta gaya wa kowa a hilla cewa autanta zai aiko da ganyen gida, ba ta da wata hira yanzu sai wannan.

Ka gai da abokan aikinka. Allah ya tsare ka daga duwatsun nan da ake fasawa.

Yayarka,
Barakatu

Rusairis
Ƙarshen Rajab, 1964

Yaya Barakatu,

Wa'alaikumus salam. Na sami takardarki, na gode da zagin da ke ciki, ya tuna mini gida. Ki gai da Inna, ki ce autanta yana nan kwayis, ya yi ƙiba har wandonsa ya matse. Ki ce wa Kulu kawunta yana mata addu'a, in namiji ne ta san sunan da za a sa.

Ranar Juma'a da aka tashi daga shugul, ba sauran aiki, na shiga dajin da Inna ta faɗa. Gaskiya ne, akwai jar ƙasa mai rairayi, mutanen nan azaza suke ce mata, itatuwa warwatse, kana hango rakumi daga nesa. Amma Yaya, wallahi duk wani ɗan kurmi da ke wurin iyakarsa kan mutum, duka rassa da yawa gare su, duka ganyensu ƙanana. Na tsaya ina jira jinina ya yi magana, bai ce uffan ba, sai ƙaya da ta yage mini riga.

Dabarar da na yi ita ce na karyo reshe daga iri uku da suka fi kama da abin da ta faɗa. Na ɗaura wa ɗaya jan zare, ɗaya fari, ɗaya baƙi, suna cikin tsumma mai laima a hannun Mahmud. Inna ta duba ta zaɓa, ki gaya mini launin zaren, halas, ni kuma in ciko buhu.

Daga nan kada ki karanta wa Inna.

Na san za ki ce me ya hana ni tambaya, tunda sansaninmu cike yake da Hausawa sababbin zuwa daga yamma, masu tara guzurin Makka. Yaya, ba zan iya ba. Mutanen nan kullum cikin tsokanata suke. Muwallad suke ce mini, wai haifaffen hanya, wai Hausata ta sha ruwan Nilu ta tsinke. Ni kuma na cika musu baki, na ce uwata 'yar asalin Sakkwato ce, babu abin gida da ba ta koya mana ba, har sunan unguwarsu na faɗa musu. Yanzu in je in ce su nuna mini sabara? Kafin a gama ginin madatsar nan sun mayar da ni waƙa. Gara Inna ta zaɓa da kanta, ai ba wanda ya fi ta sani.

Ki huta lafiya, ki rage faɗa.

Ƙanenki,
Garba

Hillar Salihu
Watan Sha'aban, 1964

Garba,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Kulu ta yi nauyi, sai da dafa bango take tashi. Girman kai rawanin tsiya, wannan ita ce amsata ga ƙarshen takardarka, kuma ban karanta wa Inna ba.

Rassanka sun iso ba su bushe sosai ba. Ni na so in kai mata ɗaki mu duba mu biyu, amma ina! Inna ta sa aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka dafa gahawar jabana, ta aika aka kira tsofaffin hilla, har da Talatu maƙwabciyarmu, wadda ka san ba a rabuwa da ita lafiya. Duk cikinsu ba wadda ta taɓa taka ƙasar Hausa, a nan aka haife su ko a hanya. Suka kewaye Inna kamar za a buɗe kayan lefe.

Na kwance tsumma. Inna ta ɗauki mai farin zare ta ajiye. Ta ɗauki mai baƙi, wani mai ganye toka-toka marar fasali, ta juya shi, ta ajiye. Ta ɗauki mai ja, ta koma ga mai baƙi, ta sake komawa ga mai ja. Ta daɗe tana haka har jabana ta huce. Na ɗauka idanunta ne, ka san sun fara hazo. Talatu ta kama sunan Inna ta ce, "Yalwa, ko dai babu ita a ciki?" Nan take Inna ta ɗaga mai jan zare sama, wani mai farin fure da ƙamshi, ta ce:

"Wagga ita ta sabara! Ku sansana ku ji ƙamshin gida."

Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu ana sansana, ana salati, wata har da hawaye, wai ta tuna uwarta. Ni da bakina da ba ya shiru na ce, Inna, ba ɗorawa-ɗorawa kika ce furen yake ba? Ta ce in ya tsufa yana fari, kuma yaushe na zama malamar itatuwa. Aka yi mini dariya, na kama bakina. Sauran biyun ta jefa wa awaki.

Don haka jan zare ne. Ka ciko buhu, ka yi sauri. Inna ta ce Allah ya yi maka albarka, ta ce ta san jininka ba zai ɓata ba. Rabon da in gan ta da irin wannan farin ciki tun Baba yana da rai.

Yayarka,
Barakatu

Rusairis
Sha'aban, 1964

Yaya,

Salam. Ga buhu nan, na danna shi da ƙafa har ba ya ɗaukar ƙari. Ki ce wa Inna jan zaren nan shi na fara karyowa, ashe jinin ya yi magana ni ne ban ji ba. Na riƙe reshe ɗaya na soke a bakin rumfata, duk wanda ya tambaya sai in ce maganin gidanmu ne, ba na faɗa wa baƙi. Allah ya sauki Kulu lafiya.

Naki,
Garba

Hillar Salihu
Bayan ƙaramar Salla, 1965

Garba,

Assalamu alaikum. Barka da Salla. Na san Mahmud ya gaya maka Kulu ta sauka lafiya, an sami namiji, an sa masa Abdulmuttalib, sai ka yi haƙuri. Abin da Mahmud bai gaya maka ba shi zan rubuta.

Inna ta fara wankan da ganyenka, tana kuma sa shi a kunu safe da yamma. Ba a daɗe ba Kulu ta fara ciwon ciki da gudawa. Inna ta ce ai aikin sabara ke nan, tana wanke dattin haihuwa. Muka ci gaba. Kulu ta rame, idanunta suka faɗa, ruwan nono ya ja baya, jariri yana ta tsala kuka yana tsotson banza. Ni ina gani, raina bai kwanta ba, amma wa zai ce wa Inna ta yi kuskure a wankan jego?

Ka san yanzu lokacin tsintar auduga ne, baƙi sun cika hawashoshi, gonakin audugar nan. Cikinsu akwai wata mata Lami da mijinta Gado, mutanen wajen Argungu, bara suka baro gida za su Makka. Lami ta shigo mana barka da hantsi, gida cike da mata. Ta ga ganye a shanye a tabarma ta ce na mene ne. Talatu ta yi caraf ta ce sabara ce mana, daga Rusairis aka aiko. Lami ta duƙa ta ɗauka, ta murza, ta yi dariya, ba da mugunta ba, irin dariyar wanda ya ɗauka wasa ake masa.

"Wanga? A'a, wanga ba sabara ba na. Ni ban ma san shi ba. Sabara ai bayan ɗakinmu take, da ita muka shara, da ita muka hura wuta. Ko ɗan yaye ya san ta garinmu. Kar dai shi kuka ba mai jego?"

Garba, na tashi na yi wa matar nan tatas. Na ce mata baƙuwar jiya, mai yawon tsintar auduga da ƙafa duk faso, ita ce za ta koya wa uwata ganyen gida? Na ce ta fita mana daga gida. Ta ajiye ganyen a hankali, ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta fita. Na juyo ina huci ina jiran Inna ta kama mini, ta faɗi magana ɗaya ta rufe bakin kowa yadda ta saba.

Inna ba ta ko dube ni ba. Tana zaune tana kallon tabarmar. Can sai ta miƙe, ta je murhu, ta sauke tukunyar kunun da hannunta, ta kai bayan gida ta zubar. Ta dawo ta wuce ɗakinta ta saki labule. Duk matan suna kallo. Suna fita na ji Talatu tana cewa, ba ta ko rage murya ba, wai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Mun kai Kulu shafahana, ɗakin shan magani, hakim ya ba ta magani ya ce a daina ba ta ganyen da ba a sani ba. Ta warke, nono ya dawo, yaro yana ƙoshi, alhamdu lillahi. Na dawo da darbejiya, ni nake mata wankan.

Inna ce ba ta warke ba. Ba ta fita tsakar gida sai in za ta yi alwala. Jaririn ma ba ta yarda ta ɗauka, wai hannunta ba na kirki ba ne. Shekaranjiya surukar Alhaji Ali ta haihu, aka aiko kiran Inna kamar kullum, ta ce a gaya musu ba ta nan. A hillar nan ba ta da gona, ba ta da dukiya, abin da take da shi kawai shi ne ita ce wadda ta san gida. Shekara arba'in da wani abu ana tambayarta yadda ake kaza a can, ita ke yanke magana. Yanzu ko yara sun ji labari.

Jiya na tafi rumfar Lami a bakin hawasha, na durƙusa na ba ta haƙuri. Da ta rama zagin da ya fi mini sauƙi. Sai ta kama hannuna tana kuka, wai ita ce ta yi laifi, da ta san tsohuwa ce ta zaɓa da ta haɗiye maganarta. Mijinta Gado zai taho Rusairis neman aiki, shi zai kawo maka wannan takarda. Ka ajiye girman kan nan, ka bi shi daji ya nuna maka. In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu: da ka tambaya tun farko, da ba mu kai nan ba. Ni ma da na nace a kan maganar furen nan.

Yayarka,
Barakatu

Rusairis
Shawwal, 1965

Yaya Barakatu,

Wa'alaikumus salam. Wannan takarda duka taki ce, kada Inna ta ji ko kalma.

Gado ya iso, na karanta, na kasa cin abinci ranar. Abu na farko da na yi, na zare busasshen reshen nan daga bakin rumfata na cusa a wuta. Ashe duk sansanin sun san ba komai ba ne. Wani dattijo a cikinsu ya ce mini sun ga ina alfahari da shi, sai suka ji nauyin yi mini magana. Mutanen da na ji tsoron dariyarsu, su ne suka rufa mini asiri wata biyu. Da ɗayansu ya yi mini dariyar, da Kulu ba ta sha wahala ba.

Na ce wa Gado mu shirya ranar Juma'a mu shiga daji. Ya ce wane daji? Ya ja ni bayan sansani, inda muke shanya wanki. Yaya, a kan sabara nake shanya rigata tun da na zo garin nan. Ya karyo reshe ya nuna mini. Ganyen toka-toka ne kamar an barbaɗa masa gari, in ka juya bayansa akwai ɗigo-ɗigo baƙaƙe ƙanana. Furen ɗan dunƙule ne, ɗorawa-ɗorawa, yadda Inna ta faɗa da farko. 'Ya'yanta sirara ne masu gashi, sun baje kamar ƙafafun gizo. Ya sa na tauna ganye ɗaya, ɗaci da bauri. Ya ce ba ta da wani ƙamshi da za a yi wa salati, itaciya ce ta talakawa, ba mai kallonta sau biyu.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Ina ganinta na gane ta. Ita ce mai baƙin zare. Ta zo har hannun Inna, ta juya ta, ta koma gare ta, sannan ta jefa wa awaki a gaban matan hilla. Na zauna a ƙasa a wurin, Gado yana tambayata ko kunama ce ta harbe ni.

Na yi ta tunani. Shekarun Inna nawa ne ma da ta baro gida? Amarya ce a bayan jaki. Tun daga nan ba ta sake ganin sabara ba sai a bakinta. Kullum tana ba mu labari, mu kuma muna jin daɗi, kila a cikin labarin itaciyar ta yi ta ƙara kyau har ta daina kama da kanta. Mu muka ɗora mata rassa uku a gaban jama'a muka ce ta zaɓa. Ni na ɗora, don kada a ce mini muwallad. Ai ni muwallad ɗin ne, mene ne abin ɓoyewa?

Ga sabara nan ta gaskiya, ɗanya, da fure da 'ya'ya, ba zare a jikinta. Ban san ko ya kamata ki nuna mata ba. In Talatu ta gani za ta tuna, idonta ba ya mantuwa. Na bar miki shawara, kin fi ni sanin Inna. Na nemi izini wurin rayis, shugaban aikinmu, in ya ba ni zan zo kafin arba'in ɗin Kulu.

Ki yafe mini, ki roƙar mini Kulu.

Ƙanenki,
Garba

Hillar Salihu
Zulƙida, 1965

Garba,

Sallama. Saƙo ya iso. Kulu ta ce ba ka yi mata komai ba.

Na jira bayan la'asar, gida ba kowa, na shiga na ajiye reshen a tabarmarta. Ta ɗauka. Ta kai bakin ƙofa wurin haske, ta juya ganyen, ta shafa 'ya'yan da yatsa, ta sansana, ta tsinki ɗaya ta tauna. Na tsaya ina jira in ga fuskarta ta buɗe. Ba ta buɗe ba.

Ka san ni 'yar fari ce, tunda Inna ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai "ke". Ran nan ta kama, da ƙaramar murya.

"Barakatu, don Allah gaya mini gaskiya. Wagga ita ta?"

Ni ta tambaya, Garba, ni da aka haifa a bakin tura'a. Na ce ita ce, Inna. Ta ce, "To." Ta zauna da reshen a cinyarta har aka kira magariba.

Ta ce kada in gaya maka ta tambaya. In ka zo, kada ka nuna ka sani.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Barakatu